Tambaya da Amsa: Ana Gobe Intabiyu Suka Ce Sun Fasa, Me Na Yi Musu?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk kuka ɗaya ne, an kira mutum intabiyu an sa masa rana har da lokaci, daga baya kuma a ce an fasa, wani ma ko fasawar ba a gaya masa. Na zaɓo kaɗan daga ciki, na cire sunayen mutane da na ma'aikatu kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, dan Allah ki taimaka min da shawara don wallahi kaina ya kulle. Tun da na gama karatu nake tura CV ba wanda ya taɓa ko amsa min, sai kwanaki wani kamfani suka kira ni a waya suka ce takarduna sun yi musu, suka turo imel da rana da lokaci har da sunayen waɗanda za su yi min tambayoyi. Anti duk satin ban yi baccin kirki ba, na karance shafinsu tas, na dinga tsayawa gaban madubi ina maimaita amsa, na goge kayana na rataye, na faɗa wa Mama ta yi ta sa min albarka. Ana gobe da daddare sai ga imel layi biyu wai saboda wasu dalilai na cikin gida sun soke, suna min fatan alheri, shikenan fa. Har yanzu na kasa faɗa wa Mama, da safen ma sa kayan na yi na fita na samu wani waje na zauna sannan na dawo. Me na yi musu? Ko wani abu suka gano a kaina ne?
Daga wani ƙaninki

AMSA: Ƙanena sannu, wallahi wannan fitar da ka yi da gogaggun kaya ka je ka zauna kai kaɗai ita ta fi tsaya min a rai. Bari na fara da tambayarka ta ƙarshe. Mutanen nan ba su taɓa zama da kai ba, ba su ji amsarka ko guda ɗaya ba, iya abin da suka sani a kanka shi ne takardar da ka tura, kuma takardar nan ita ta sa suka ɗaga waya suka kira ka, to da me za su auna ka har su ce ka gaza? Wanda ya shiga aka yi masa tambayoyi aka ce wani ya fi shi, shi aka gwada. Kai ba a gwada ka ba tukuna.

Na yi aiki a ɓangaren ɗaukar ma'aikata, don haka bari na gaya maka yadda abin yake daga ciki. Kafin a tallata gurbin aiki sai wani babba ya sa hannu a kan kuɗin albashin gurbin, kuma wannan babban yawanci ba shi ne ya kira ka ba. Mai kiranka yana can yana jera sunaye yana bin manajoji ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su ba shi lokaci, can sama kuma ana zaman kasafin kuɗi shi bai ma sani ba, sai kawai saƙo ya sauko da yamma cewa a dakatar da duk wani ɗaukar aiki har sai an ji daga gare su. A daren zai zauna ya tura wa duk wanda ke jerin wannan layi biyun iri ɗaya sak, sunan kawai yake canzawa, kuma ba a ba shi izinin faɗin dalili ba don babu kamfanin da yake so a ji a waje cewa kuɗinsa sun ja baya. Wannan shi ne fassarar “dalilai na cikin gida” a mafi yawan lokuta.

Kuma kar ka ɗauka ƙananan wurare ne kawai suke haka. A watan Maris na 2023 Meta, masu Facebook da WhatsApp, sun sanar da sallamar ma'aikata kusan 10,000 sannan suka rufe gurabe kusan 5,000 da ba su riga sun cike ba. Ka yi tunanin mutum nawa ne suke tsakiyar shiri a kan waɗannan guraben. A watan Yuni na 2022 kuma Coinbase, wani kamfanin hada-hadar kuɗin kirifto a Amurka, ba dakatar da ɗauka kawai suka yi ba, har waɗanda aka riga aka ba takardar kama aiki suka amsa, an janye wa wasunsu. Waɗannan fa sun wuce duk matakan, an ce sun ci, amma kuɗi da suka juya baya ba a duba ƙoƙarin kowa ba.

Ban da kuɗi akwai wasu dalilan da nake gani kullum. Wani lokacin akwai ɗan cikin gida da suke so su ɗaga, dokar ma'aikatar ce ta ce sai an tallata, da oga ya ce a ba shi kawai sai a sallami na waje. Wani lokacin manajan da zai yi aiki da kai ne ya ajiye aiki ko aka canza masa waje. Wani lokacin wanda zai bar kujerar ne aka ƙara masa albashi ya fasa tafiya, ko kuma sun riga sun ga wani kafin kai ya burge su ya karɓa nan take, suka ga ba amfanin su tara mutane. Duk a cikin nan ina laifinka?

Amma ba zan rufe ka ba, akwai lokacin da dalilin daga wajen mai neman aikin yake. Za a iya sake duba CV a ga wani sharaɗi da ya zama dole babu shi, kamar lasisin sana'a ko yawan shekarun aiki, ko a ga shekarun da ka rubuta a takarda sun saɓa da na shafinka na LinkedIn, dandalin da ma'aikata ke sa tarihin aikinsu, ko a leƙa abin da kake rubutawa a fili a soshiyal midiya a ga zage-zage, ko albashin da ka ambata a waya ya wuce abin da suka ware. Ka zauna zama ɗaya ka duba waɗannan, in ka ga gyara ka gyara, in ba ka gani ba ka rufe babin, kar ka mai da shi abin da za ka dinga tonowa kullum da daddare.

Sannan ka amsa imel ɗin nan, kar ka bar shi haka. Gajere, ba fushi ba magiya, wani abu kamar: “Na gode da sanar da ni. Har yanzu ina da sha'awar aiki da ku, in an sake buɗe gurbin ko wani makamancinsa zan ji daɗi a tuna da ni. In babu damuwa, gurbin aka rufe gaba ɗaya ko ɗagawa aka yi?” Tambayar ƙarshen nan tana da amfani don amsarta ce za ta nuna maka ko ka sa rai ko ka cire. Kuma in an ɗage dakatarwar bayan wasu watanni, mai ɗaukar aiki ba ya son ya fara daga farko, tsohon jerinsa yake buɗewa, wanda ya amsa cikin mutunci shi ake fara tunawa.

Mama kuma ka faɗa mata yau ɗin nan. Tana nan tana jiran sakamakon abin da ba a yi ba, kullum za ta tambaye ka sun kira? kai kuma kullum sai ka ƙirƙiro amsa, nauyin zai fi na sokewar. Ka nuna mata imel ɗin ka ce sun rufe gurbin kafin a ga kowa. Albarkar da ta sa maka tana nan ba ta tafi ko'ina ba.

TAMBAYA: Anti ni kuma nawa ba sokewa suka yi kai tsaye ba, ɗagawa suke ta yi. Farko suka ce oga ya yi tafiya, na biyu na shiga Zoom na zauna ina kallon fuskata a allo kusan minti arba'in ba wanda ya shigo, daga baya suka ba da haƙuri suka sa wata ranar, ita ma suka ɗaga suka ce za su neme ni. Yau sati uku shiru, na tura saƙo biyu ba amsa, amma kuma tallan aikin yana nan a shafinsu ba su cire ba. In ci gaba da bibiya ko in haƙura?
Daga wata ƙanwarki

AMSA: Ƙanwata, zuru ma amsa ce. Ɗagawa sau ɗaya ba komai ba ne, mutane suna rashin lafiya, tafiya tana tasowa. Amma a bar ki zaune gaban kwamfuta minti arba'in ba wanda ya iya turo layi ɗaya ya ce yi haƙuri mun makara, sannan a sake ɗagawa, sannan a yi shiru, wannan kam sun nuna miki yadda suke tafiyar da gidansu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, yanzu ne fa suke zawarcinki, yanzu ne ya kamata a ce sun fi kyautata miki, in a yanzu lokacinki ba shi da daraja a wajensu to ranar da albashinki ya makara ko kika nemi hutu wa zai saurare ki?

Tallan da kika ga ba su cire ba kar ya ruɗe ki. Wasu mantawa suke, wasu kuma da gangan suke barin talla a buɗe ba tare da gurbi na gaske ba, don su tara CV su ajiye ko don a ga kamar kamfanin yana bunƙasa. Abin ya yi yawan da har wasu hukumomi sun fara sa baki, a lardin Ontario na Kanada daga 1 ga Janairun 2026 ma'aikatar da ke da mutum 25 zuwa sama dole ta faɗa a cikin talla ko gurbin da gaske yana nan, kuma dole ta sanar da wanda ta yi wa intabiyu cikin kwana 45 ko an yanke shawara. Kin ga ke nan ba ke kaɗai ake yi wa ba, kuma ba rashin haƙurinki ba ne ya sa abin ya dame ki.

Ki tura saƙo ɗaya na ƙarshe ki sa masa iyaka, ki ce har yanzu kina da sha'awa amma kina duba wasu wuraren, in ba ki ji daga gare su ba zuwa ƙarshen sati mai zuwa za ki ɗauka an rufe gurbin. Daga nan ki cire su daga lissafi. In sun dawo daga baya ki je ki saurare su ba laifi, amma ki tambaye su kai tsaye me ya jawo jinkirin, ki lura da yadda za su amsa.

TAMBAYA: Malama ni raina a ɓace yake. Tafiya mai nisa na yi da kuɗin da na ranto, na kwana a hanya, na ɗauki hutu a ɗan aikin da nake yi aka yanke min kuɗin ranar, na isa ofishinsu tun kafin lokaci. Sai yarinyar da ke zaune a teburin karɓar baƙi ta duba kwamfuta ta ce ai tun jiya aka soke, ba a gaya maka ba? Ba kira ba saƙo ba imel, na duba har cikin sharar imel babu. Ko ruwa ba wanda ya fito ya ce min sannu. Na riga na rubuta dogon bayani da sunan kamfanin da sunan matar da ta gayyace ni zan sa a Facebook kowa ya san su, abokina ne ya ce in dakata. Ni dai gani nake in na yi shiru gobe wani za su yi wa.
Daga wani magidanci

AMSA: Malam an zalunce ka, ba wani kwana-kwana. Soke intabiyu yana iya zama dole, amma rashin sanar da mutumin da aka san daga nesa zai taso wannan sakaci ne da rashin ganin girman ɗan Adam, kuma fushinka a kan hanya yake. Abokinka dai ya yi maka gata da ya riƙe hannunka, ga dalilina.

Sunan matar nan ka cire shi ko da me za ka yi. Ba ka san ko ita ta manta ba ko kuwa ita ma ba a gaya mata da wuri ba, ko ma ta bar wajen, kuma ambaton sunan mutum da zargi a fili yana iya juyowa ya zama kai ake tuhuma da ɓata suna. Sannan rubutun da aka yi cikin zafin rai yana daɗewa a intanet fiye da zafin, mai ɗaukar aiki na gaba in ya binciki sunanka ba zai tsaya tantance wa ke da gaskiya ba, zai ga rigima ne kawai ya wuce.

Abin da zan so ka fara yi shi ne ka rubuta musu a hukumance, ga shugaban sashen ma'aikata ba ga wadda ta gayyace ka ba. Ka jera abin da ya faru da kwanan wata, ka haɗa takardar gayyatar da rasit ɗin tafiya da na masauki, ka nemi su mayar maka da abin da ka kashe. Kar ka ji kunyar wannan, ba roƙo ba ne. A Jamus ma ƙa'ida ce, in ma'aikata ta gayyaci mutum intabiyu ita ke biyan kuɗin tafiyar da ya zama dole sai dai in tun farko ta faɗa cewa ba za ta biya ba. Ba ko'ina doka ta tilasta haka ba, amma wuraren kirki da yawa in suka ga laifin nasu ne suna biya don su kare sunansu. In sun yi banza da kai, to akwai shafukan da aka buɗe don masu neman aiki su faɗi yadda aka yi da su, irin su Glassdoor, can ka rubuta abin da ya faru tsurarsa ba zagi ba ƙari, wanda zai nemi aiki a wajen can zai duba, kaga burinka na kare wani ya cika.

Gaba kuma, da kai da duk mai karatu, in tafiya ce mai nisa a kira ko a tura saƙo ana gobe a tabbatar kafin a hau mota, a karɓi lambar mutum ɗaya da za a iya samu kai tsaye, kuma ba laifi ba ne a tambaya ko zagayen farko zai yiwu ta waya ko ta bidiyo.

TAMBAYA: Anti an sa min ranar intabiyu, da suka kira don tabbatarwa sai na ga gara in faɗi gaskiya na ce ina da juna biyu wata biyar. Matar ta ce ba komai Allah ya raba lafiya. Washegari sai ga saƙo wai an soke gurbin, bayan kwana kaɗan kuma na ga sun sake sa tallan. Mijina ya ce in bar su da Allah, ni kuma abin yana ci na. Kuskure na yi da na faɗa?
Daga wata baiwar Allah

AMSA: Ƙanwata Allah ya raba lafiya. Ba ki yi laifi ba, amma ki sani ba dole ba ne ki faɗa a wannan matakin, ciki ba ya cikin abin da ake auna cancanta da shi. Naki ya bambanta da na sauran da na amsa a sama, don su ba su da wata alama da ke nuna da su ake, ke kuwa jerin abubuwan ya yi magana, kin faɗa yau, gobe an ce babu gurbi, jibi gurbin ya dawo.

A ƙasashe da dama wannan ya saɓa doka, kuma dokar tana kare mai neman aiki ba sai wanda aka riga aka ɗauka ba. Amurka tana da dokar hana wariya saboda juna biyu tun 1978, Birtaniya ta sa shi a cikin dokar daidaito ta 2010, yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 183 ta shekarar 2000 kuma ta hana a tilasta wa mace gwajin ciki lokacin neman aiki, sai a wasu ayyuka ƙalilan masu hatsari ga uwa ko jariri. Ƙarfin abin da za ki iya yi ya danganta da dokar ƙasar da kike, don haka ki adana komai tun yanzu, saƙon gayyata, saƙon sokewa, hoton sabon tallan da kwanan watansa, ki rubuta ranar da aka kira ki da abin da aka faɗa tun kina tune. Ki kai wa ofishin ƙwadago ko lauya ko ƙungiyar da ke taimaka wa mata ma'aikata su duba, kuma kar ki ja lokaci don irin wannan ƙorafin galibi yana da wa'adi. In kuma kin ga ba ki da ƙarfin jiki ko na zuciya a wannan halin da kike ciki, barin ma zaɓinki ne ba wanda zai ga laifinki, ni dai ba na so ki bari saboda kina zaton ke kika jawo.

TAMBAYA: Anti bayan an soke min intabiyu sai wani ya kira ya ce shi ejan ne yana da hanya a ciki, in tura kuɗin rajista a mayar da sunana jerin. In tura?
Daga wani ɗalibinki

AMSA: Kar ka tura ko sisi. Ina ma zargin intabiyun tun asali na bogi ne, an shirya shi ne don a sa maka rai a cire sannan a sayar maka da shi. Ma'aikatar gaske ita ke biyan wanda ya samo mata ma'aikaci, yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 181 ta 1997 ma ƙa'idarta ita ce kamfanonin samar da aiki kar su caji mai neman aiki. Ka nemi lambar kamfanin daga shafinsu na ainihi, ba wadda aka kira ka da ita ba, ka tambaye su ko sun san da maganar. In ka riga ka tura musu hoton katin shaida ko bayanan banki to ka sanar da bankinka yau.

TAMBAYA: Anti a kan maigidana nake rubutowa bai sani ba. Shekara da shekaru yana aiki aka rage ma'aikata har da shi. Sau biyu ana sa masa intabiyu ana sokewa, tun na biyun ya daina neman komai, ya daina ɗaga wayar abokansa, yana kwana ido biyu, in na yi magana ya ce ke ba za ki gane ba, wai shekarunsa ne suka sa ba a son shi. Mutum ne mai ƙoƙari wallahi, ban taɓa ganin shi haka ba. Ya zan yi da shi?
Daga wata uwargida

AMSA: Uwargida Allah ya saka miki da alheri da kika lura kuma kika damu. Abu na farko kar ki ce masa ai ba komai ba ne, don a wajensa komai ne. A 2003 wasu masana a Amurka, cikinsu har da Naomi Eisenberger, sun sa mutane wasan jefa ƙwallo a kwamfuta ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu, da aka daina jefo musu ƙwallon aka ware su sai aka ga wani sashe da ke aiki lokacin raɗaɗin ciwon jiki ya motsa. A wasa ke nan fa da baƙin da ba su sani ba, ina ga magidancin da ya saba fita da safe ya dawo da abin hannunsa. Kuma sokewa tana da wani ɗaci na daban, wanda ya shiga ya faɗi yana da abin da zai ce zan gyara, shi kuwa ba a ba shi ko damar buɗe baki ba, sai zuciya ta cike gurbin da mafi munin zato, shi ya sa ya kama maganar shekaru. Wariya saboda shekaru tana faruwa ba zan musa ba, amma ki tuna masa a hankali cewa shekarun nan suna rubuce a CV ɗin lokacin da suka gani suka kira shi har sau biyu.

Kar ki dinga tambayarsa kullum ka tura? sun kira? Ki bar shi ya ɗan huce, sannan ki nemi abu ƙarami ɗaya, ya kira mutum ɗaya da suka taɓa aiki tare, ba don ya roƙi aiki ba, gaisuwa kawai da sanar da shi cewa yana nema. Wannan daina ɗaga wayar shi ya fi damuna, don mai shekaru a aiki jarinsa mutanen da suka san hannunsa ne. Tun 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa ta wajen sanayya ta nesa-nesa, tsohon abokin aiki, wanda aka taɓa haɗuwa a wani taro, fiye da aminai na kusa, saboda na kusa abin da ka sani shi suka sani. Wanda aka shigo da shi ta hannun wani na ciki kuma ko gurbin ya rufe yakan ji dalili, ba a barinsa cikin duhu.

In ya dawo nema, ku yi ƙoƙari kar ya zama waje ɗaya ya rataya wa rai, ko an sa masa rana ya ci gaba da turawa wasu wuraren har sai takardar kama aiki ta zo hannu an sa hannu. Rashin baccin nan da janyewa daga mutane kuwa ki sa ido a kai sosai, in ya wuce sati biyu a haka, ko ya daina cin abinci, ko kika ji yana cewa ba shi da amfani ko gara ba ya raye, kar ki jira ya wuce da kansa, ki samu wani babba da yake jin maganarsa ku raka shi ya ga likita.